Wutar da Inna Ta Kashe

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau turmi a zauren gidanmu da ke garin Isa ba.

Aikina karanta labarai ne a wani gidan rediyo a Sakkwato. Mu ne masu auna kalma kafin ta fita daga baki. A kan iska ba a taɓa jin na ce "wuta" kawai ba, sai dai "wutar lantarki", cikakkiya. (Na taɓa sa wata sabuwar ma'aikaciya ta maimaita karatu sau uku a kan wannan. Allah Ya sa ta yafe mini.)

Gidanmu tsoho ne, ginin ƙasa, rufin azara. Wayoyin da ke cikinsa marigayi mahaifinmu ne ya ja su da hannunsa tun ina firamare, ya kafe su da ƙusa a jikin azara. Da wutar gwamnati ta daina zuwa, ba wanda ya sake kallonsu. Sai muka saka sola, aka ajiye batura da inbata, na'urar da ke raba wutar ga gida, a ɗakin mahaifiyarmu, Inna, aka jona a kan waɗannan tsofaffin wayoyi. Robar jikinsu ta bushe tana marmashewa, inda ta tsinke kuwa an naɗe da leda. A ƙarƙashinsu jikoki ke wasa, a samansu busasshen itace. Abu ɗaya nake nema: Inna ta yarda a cire su a ja sababbi. Duk zuwan da zan yi sai na tayar da maganar, amsarta kuma ba ta canzawa: "Aikin hannun Malam na. Ba a taɓa shi ina da rai."

Sai na yi dabara. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na gayyato Baffa Isuhu, ƙanen mahaifinmu, wanda Inna ba ta ƙetare maganarsa, tare da wasu dattawa biyu na unguwa. Na kuma kira Lawali mai gyaran wuta, wanda taubashina ne, wato yana da lasisin yi mini ba'a har gaban kabari. Shirina in nuna wa dattawa lalacewar wayar da idonsu, su kuma su shiga ciki su yi wa Inna magana.

Aka shimfiɗa tabarmi. Na kife turmi a ƙarƙashin azara, na naɗe babbar rigata a kafaɗa (farar shadda ce, ta sha bugu), sannan na leƙa cikin gida na ɗaga murya:

"Inna, don Allah a kashe wuta!"

Sai muka jiyo ta daga ciki: "Yanzu? Dut?"

"Duka, Inna."

Muka ji ƙafarta, muka ji ƙarar bokiti, sannan ta ce, "To, an kashe."

Lawali ya zaro testa daga aljihu, ɗan sukudireban nan da ke kawo haske idan akwai wuta a waya. "Tsaya in gwada, ɗan rediyo."

"Ba ka ji ta ce an kashe ba?"

"Na jiya. Ni dai wayag ga nika son in ji ta bakinta."

Na ɗaga masa hannu kamar yadda nake wa baƙon da ya cika surutu a cikin shiri. Na hau turmi. Na gyara murya, na sauko da ita can ƙasa inda take zama a labaran ƙarfe bakwai na safe.

"Baffa, jama'a, kamar yadda kuke gani, wannan waya ta daɗe da wuce wa'adin aikinta. Idan muka lura da kyau a nan, inda na sa hannu…"

Na kama wayoyin biyu.

Ban san yadda zan kwatanta abin ba. Kamar an daki gwiwar hannuna da taɓarya daga ciki. Abin da na sani shi ne muryar ƙarfe bakwai ta gudu, wata murya da na rabu da ita tun ina ɗan shekara shida ta fito daga bakina: "Wayyo Inna! Ta kashe ni! Inna!" Turmi ya gangara, na bi shi. Faɗuwar ce ta raba hannuna da wayar, wannan kuwa rahamar Allah ce, ba wayona ba. Na tsinci kaina a ƙasa, riga ta rufe mini kai, hulata a cinyar Baffa.

Lawali bai tsaya dariya ba, wannan kam na yaba masa. Da gudu ya shiga ɗakin Inna ya kashe inbata, ya dawo ya duba hannuna, ya sa na motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya tabbatar da lafiyata sannan ya jingina da bango ya fara dariyar.

Inna ta fito ba mayafi, muciya a hannu. "Mi anka yi?"

"Inna, ba na ce a kashe wuta ba?"

"Na kashe mana! Na janye icce, na zuba ruwa. Ga tuwon baƙinka can ya tsaya rabi, ina ta mamakin mi za ka yi da murhuna."

Wani daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, kafaɗunsa na rawa. Baffa ya kakkaɓe hulata ya miƙo mini, ya ce a hankali, "Ci gaba da shirin, muna saurare."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta juya tafin, ta daɗe tana kallon jan tabon da ke yatsuna biyu. Ta ɗaga kai ta dubi wayar da ke lilo daga azara.

"Lawali, da ɗaya cikin ɗiyan ga na ya taɓa?"

"Da ba wanga zance mukai ba, Inna."

"Cire ta. Dut da ta ɗakina. Yau za ka fara."

Kwana huɗu ya yi yana aikin. Sababbin wayoyi a cikin bututun roba, ba abin da ke taɓa azara, soket sama da inda hannun yaro ke kaiwa, da akwatin da ke katse wutar da kansa idan wani abu ya haɗu. Ya kafa ƙarfe a ƙasa bayan ɗaki don ya riƙa shanye wutar da ta ɓalle, ya ja masa tasa wayar. Duk wanda ya shigo gidan yanzu sai Inna ta zagaya da shi ta nuna masa, ta kuma ba shi labarin turmi, da muryata da komai. Ta ma fi ni iya ihun.

Ina alfahari da gidan, ba na ɓoyewa. Amma ga shawara daga wanda ya ɗanɗana: kafin ka sa hannu a waya, tambayi testa. Mahaifiyarka ba za ta yi maka ƙarya ba, sai dai wataƙila tuwo take yi.