Ranar da Na Tsuguna da Madam Insipekta

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da Madam Insipekta ta zo duba darasina a wata lakwal, wato makarantar boko, kusa da Tsarnawa ba. Shekara shida ina jiran ƙarin girma, kuma sakamakon da za ta rubuta ne zai yanke hukunci. Na rantse ko sama za ta faɗo sai na burge matar nan.

Darasin kan bugun zuciya ne. Na bayyana wa yara cewa idan mutum ya miƙe, jini yana gangarawa ƙafafu, sai zuciya ta ƙara sauri don ta maido shi kai, kuma galibi ta mata ta fi saurin zabura. Da a nan na tsaya, da na tsira. Amma bakina ba ya da birki.

"Mu maza kuwa," na ce, ina dukan ƙirji, "tamu kamar injin babbar motar siminti ce. Ko gezau!"

Madam ta ajiye biro. ('Yar ƙaramar dattijuwa ce, iskar damina ma za ta iya kai ta Illela.)

"To Mushe," in ji ta (haka ake kiran malami namiji a lakwal), "ga mace ga namiji. Mu gwada mana: mu tsuguna, mu miƙe, yara su ƙirga bugun zuciyar kowa."

Muka tsuguna gaban allo, aka ba 'yan aji agogo. Tun safe ban sa ko ruwa a cikina ba saboda zumuɗi, rufin kwano yana gasa mu, ga tumbina da ya danne cinyoyi kamar buhun albasa. Minti biyar, ƙafafuna suka daina amsa sallama. Na cije. Na ce a raina, yau ko ni ko ita.

"Mu tashi," in ji ta.

Ta miƙe a hankali, tana gyara gyale. Ni kuwa na zabura kamar soja ya ga kanar. Na ga allo ya yi fari, yara sun yi baƙi, sai duniya ta kashe fitila.

Na farfaɗo a ƙasa, ƙafafuna bisa benci, Madam riƙe da wuyan hannuna, aji duka yana ƙirga bugun zuciyata da ƙarfi kamar ana karatun lissafi.

"Kun gani?" take ce musu. "An ɗaga ƙafafu, jini ya koma kai. Mushe, mi kake ji?"

"Gwaji ne, Madam. Da gangan na yi."

"To sake, na baya ba su gani ba."

Har direktan makarantar da ke leƙe ta taga sai da ya zauna don dariya.

Ƙarin girman ya zo bayan wata uku. A takardar ta rubuta cewa yara sun fahimci darasi sarai, amma a riƙa ba malamin fura kafin ya shiga aji.

Har yau ina koyar da darasin, ban fasa ba. Sai dai na gane abu guda: in za ka yi wa maza duka kirari, fara tambayar jikinka ko ya yarda ya tsaya maka shaida.