Yadda Na Raɗa Wa Gahawa Suna Ban Ɗanɗana Ba

Wanda ya fara kawo sana'ar gahawa ƙungiyarmu ta mata a Kalgo bai kyauta mini ba, kuma ko a gabansa zan faɗa. Abin da ya same ni a kanta kuwa, ko tsufa ya rikita ni ba zan taɓa mantawa ba.

Ni sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Don haka ranar da Malama Asabe, shugabarmu, ta ce ni zan riƙa rubuta takardun da ake liƙa wa kwalabe, sai da kaina ya kusa fin ɗankwalina. Mata ne ke soya ƙwayar gahawa su daka, kowace da kwalbarta. Malama ta ba ni wani ɗan kundi na kalmomin da aka amince da su: mai ɗaci, mai ƙauri, mai tsami, mai taushi, da sauransu. Ba a son "ba laifi" ko "daɗi kamar me". Kowane ɗanɗano da kalmarsa guda, don mai saye ya san abin da zai tarar ko wace ce ta soya.

"Ki ɗanɗana, ki duba kundi, ki rubuta," in ji Malama. "Kin dai saba shan ta ko?"

Na ce, "Haba Malama, ni?"

(Ban taɓa sa ta a baki ba. Ni 'yar Gwandu ce, da fura aka yaye ni. Amma matar da ke gyara wa kowa zance a taro, da wane baki za ta ce ba ta sani ba?)

Sai na ɓullo da tawa dabarar. Na haddace kundin tsaf, kalmomin kuma na raba su gwargwadon masu kwalaben. Inna Kulu ta girme mu duka, ina ni ina rubuta mata "mai ƙauri"? Na ba ta "mai taushi". Larai, wadda ta taɓa yi mini dariya ina haɗa baƙi, ta samu "mai tsami". Sauran na bi su da shekaru.

Ana nan sai ga wata Hajiya daga Birnin Kebbi, tana neman gahawar walima. Ita ce babbar mai saye ta farko da muka taɓa samu, kowa ya sha kwalliya. Ta ce baƙinta dattawa ne, mai taushi take so. Na ɗauko kwalbar Inna Kulu da hannu biyu. Aka dafa, aka zuba a finjali. Hajiya ta kurɓa, ta dubi takardar.

"Wa ya rubuta wanga?"

"Ni ce, Hajiya." (Har da gyara mayafi.)

"To bisimilla 'yar uwa, sha ki gaya mani."

Na ga finjalin bai fi murfin kwalba ba, na raina shi. Na ɗaga na juye gaba ɗaya yadda nake yi wa ludayin fura. Jama'a, kamar an tafasa ganyen dogon yaro da tokar murhu. Na fesar da ita a kan kundin da ke hannun Malama, bakina kuma ya riga hankalina.

"Wayyo! Inna Kulu, gawayi kika daka?"

Inna Kulu ta ce a hankali, "Ai na gaya maki ta ƙone ina salla, ɗiyata. Ke kin ka ce takarda ta fi ni sani."

Larai ta yi dariya har ta zame daga benci. Hajiya ta bi sauran kwalaben da kanta, mai taushin da take nema kuwa ta same ta a kwalbar Larai. Ita ta saya.

Malama ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta goge kundinta da bakin zane ta ce, "Kundi ba ya da harshe, ke ke da shi. Na ba ki mako guda, in ba ki koya ba ki miƙo alƙalami."

Ranar na gane cewa faɗin "ban sani ba" ɗacinsa kaɗan ne, kuma ba ya ɓata wa kowa littafi.

Washegari, tun Larai ba ta gama shara ba, na yi sallama a gidanta da kundi a hamata. Na ce, "Ɗora ruwa. Ki dafa mini su ɗaya bayan ɗaya, ki gaya mini sunan kowace. Dariya kuwa ki yi ta yanzu ki gama, don in na fara sha ba na son surutu."