Nomau a Taron Na'urorin Koyarwa

A Tungar Bawa akwai wani bawan Allah mai suna Nomau, yana zaune da uwarsa Iya Tabawa da akuyarsu mai kunne ɗaya. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai duk maganar da ka faɗa masa haka zai haɗiye ta ɗanya, ba ya tauna. Shi ke share firamaren garin.

Wata rana hedimasta, Malam Ilu, ya tafi da shi taron malamai a birni don ya riƙe masa jaka. An ce makarantar ƙauye ɗaya za a ba sabbin na'urorin koyarwa kyauta, Malam Ilu kuwa ya ƙwallafa rai tasu ce. A zauren, wata malama ta nuna farin allo mai haske wanda ake rubutu a kai da yatsa. Nomau ya leƙa bayansa, ya leƙa ƙasa, yana neman inda allin yake fitowa. Malamar ta ce, "Malam, zo ka gyara mana allon yadda kuke yi a makarantarku." Nomau ya laluba aljihu, ya fito da baƙin garin tsohon batir da tsumma, ya tofa yawu, ya shafe rabin allon baƙi ƙirin.

"Yanzu alli zai kama," in ji shi.

Malam Ilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Wata rana kuma, ana cikin taron, aka kawo wani ƙaton tabarau da ake nuna wa yara cikin teku da shi. Mai nunawa ya ɗaura wa Nomau, ya ce, "Ga ka a ruwa, taɓa abin da ka gani." Nomau ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya toshe hanci. Can ya kai cafka da hannu biyu.

"Na kama! Tarwaɗa ce, har da gashin baki!"

Ashe gemun shugaban taron ya damƙe.

Wata rana, bayan sun dawo gida, sai ga saƙo: masu rabon na'urori za su zo duba makaranta. Hankalin Malam Ilu ya tashi, don iska ta yaye kwanon azuzuwan tun bara, ofishinsa kaɗai ya tsira. Ya sa aka shafe ofishin da farar ƙasa, aka aro bencina daga makarantar Islamiyya, aka jera yara masu tsabta a ciki. Ya ce, "Nomau, tare baƙin a bakin hanya, ka kai su inda yara suke karatu."

Malam Ilu ya tsaya a ƙofa cikin babbar riga, shiru shiru ba baƙi. Da ya zagaya baya, sai ya hango su a gindin tsamiya, sauran yara zaune a ƙasa, Nomau na nuna musu reshen da ake rataye allo.

Malam Ilu ya matso yana haƙi. "Nomau, ka kashe ni!"

"Malam, ai nan suke karatu."

Shugabar baƙin ta daɗe tana kallon sama ta cikin ganye. Sannan ta ce, "Malam Hedimasta, a ina za mu kafa allon lantarki a nan? Mu fara da rufi. Allo ya biyo baya."

Malam Ilu ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwar Nomau. Amma daminar nan, da hadari ya haɗu, ba a tashi yara ba.