Rasuwar Hagu, Warin Takalmin Hawan Tsauni

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Suhaibu na garin Gaya, a madadin ƙafata ta hagu da ɗaukacin 'yan Ƙungiyar Tattaki ta Gaya da Ajingi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin tafiyata, Hagu, warin takalmina na hawan tsauni. Ya cika ne a gidan kakata Iya Baiwa da ke Gafasa, ana saura 'yan kwanaki ƙungiyarmu ta kama hanyar tsaunukan Mambila. Domin wannan tafiya aka sayo shi, kuma rasuwarsa ta jefa zuwana cikin shakka.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai sanyi wadda ba mu san sunanta ba, don rubutun da ke harshensa ya goge tun kafin ya iso gare mu. Na haɗu da shi ne tare da ɗan tagwayensa, Dama, a bakin wata dilar gwanjo a Ƙofar Wambai. Ina ɗaga shi na ga wata 'yar farar tsakuwa maƙale a tsagin tafinsa. Tun ina sakandare nake karanta labarin tsaunukan Alps, inda mutane ke kwanaki suna tafiya a ƙasa daga bukka zuwa bukka, dusar ƙanƙara a sama, shanu masu ƙararrawa a wuya a ƙasa, kowa kuma yana goye da shararsa har ya sauko. Na tabbata daga can tsakuwar take. Abokina Kamalu ya ce daga kwatar Ƙofar Wambai take. Na yafe masa.

Hagu ya zo ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗa kamar faifai, inda abu mafi tudu shi ne suri, amma bai taɓa nuna mana ya fi ƙarfinmu ba. Ya hau Dala ba tare da raini ba. Ya hau duwatsun garin Dutse, ya sauko bai zame ba ko sau ɗaya. Mai bin doka ne: idan akwai turba, turbar yake bi, bai taɓa yanke ta gonar mutum ya taka masa gyaɗa ba. Ya halarci duk wata fitar tsintar leda da muka yi a bakin kasuwar Gaya, ya tsaya a rana kamar kowa. Ƙaya ta gwada shi, ƙarangiya ta gwada shi, kwalba ma ta gwada shi, duk suka koma da kunya.

Abu ɗaya aka san shi da shi wanda ɗan'uwansa ba ya yi. Hagu yana magana. Duk taku sai ya ce, "Ƙiiƙ." Idan ina sauri ya ce, "Ƙiiƙ-ƙiiƙ." Ni a kunnena wannan muryar mai kewar gida ce, muryar wanda ya san ƙanƙara aka kawo shi cikin rairayi. Muryar ce kuma ta zama sanadinsa.

Na je Gafasa sallamar Iya kafin tafiya. Tun daga zaure ta ji mu.

"Maigidan, wannan abin naka kuka yake," in ji ta. "Ƙishirwa ce ke damun fatar."

"Uwargida, ba kuka ba ne. Waƙar mutanen tsauni ce."

"To mawaƙin naka bai da murya. Ni na san fata tun ba a haifi ubanka ba."

Na yi dariya, na tuɓe su a bakin ɗakinta, na zura silifa na bi kawuna gona. Iya kuwa jinin makiyaya ce, kuma a gidansu magani ɗaya ake yi wa fatar da ta bushe. Ta ɗauko man shanun da ta kaɗa da hannunta, wanda ko baƙo sai ya isa take zuba masa a tuwo, ta shafe Hagu ciki da waje, har ƙarƙashin harshe. Dama ba ta taɓa shi ba, tunda shi bai kai ƙara ba. Don kada rana ta narkar da man, sai ta kai majinyacin inuwa mafi sanyi a gidan, wato ƙarƙashin rumbu, ta ce in bar shi ya kwana ya sha.

Washegari da hantsi na tarar ɓerayen Gafasa sun yi walima. Sun cinye harshen, sun cinye wuyan, sun buɗe masa taga a hanci. Tafin roba da igiya da ƙarafanta kawai suka bari, sai wata 'yar fata a dunduniya, ina jin ta wanda ya ƙoshi ce.

Na garzaya da shi wurin shumekan tashar Gaya. Ya juya shi, ya leƙa, ya sansana.

"Malam, soya shi kuka yi niyyar yi?"

"Akwai abin da za a iya?"

"Da a ce ɗinki ne. Wannan sai dai a sake haifarsa. Sai haƙuri."

Iya ta fi kowa jimami, har ta aiko mini da fura. Amma ta ce a gaya mini, ko ba komai ai ya daina kukan.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan tagwayensa Dama cikin ƙoshin lafiya, yana tsaye shi kaɗai a bayan ƙofa yana kallon bango. Ya bar igiya ɗaya da ta tsira da ɗan rauni, da safa masu kauri waɗanda ba su san wani gida ba sai cikinsa, da jakar goyo, da gorar ruwa ta ƙarfe. Ya bar ni.

Jama'a za su ce a sayi wani mana. Ga inda matsalar take. Ƙungiyarmu ba ta barin komai a kan dutse sai sawu. Ba mu tsinke fure, ba mu sare ice, ɗan jagora daga cikin mutanen wurin muke ɗauka, abincinsu muke saye mu ci. Babbar dokarmu kuwa ita ce ba a yar da abin da yake da sauran rai, kuma ni na kawo ta, ni na yi mata jawabi har da hawaye. Ba a sayar da takalmi wari guda. Idan na sayo sababbi, Dama ya zama shara, alhali ko ɓera bai sansane shi ba. Ɗan jagoranmu na Mambila kuma ya riga ya faɗa a waya cewa mai silifa sai dai ya tsaya a gindin tsauni ya yi gadin mota.

An yi zaman gaisuwa a zauren gidanmu. Kamalu ya zo, haka ma Afra'u, wadda ke kula da buhunan shararmu, wadda kuma idan ta yi gyaran murya nakan manta abin da nake cewa.

"Ka sayo wasu kawai, shugaba," in ji Kamalu. "Mu jefa Dama a rijiya, wa zai sani?"

"Ni," in ji Afra'u. "Gorata ta lotsa tun bara, wannan bawan Allah ya hana ni canja ta. Ya ce lotsawar tarihi ce."

Na ce to ni na fasa, su tafi, su gaida mini gajimare. Na faɗe shi da murya mai rawa, ina sa ran a rarrashe ni. Babu wanda ya rarrashe ni. Kamalu ya tashi ya je wurin babur ɗinsa, ya dawo da wani abu a buhu ya zazzage a tabarma. Takalmin ruwa ne na aikin fadama, kore shar, dogo har gwiwa, na ƙafar hagu. Ambaliya ta tafi da na damansa a gonar shinkafarsu.

"Shi ma maraya ne," in ji shi. "Ga shi da sauran rai. Ko dokar ba ta hau kan mummuna ba?"

Muka tura wa ɗan jagora hotonsa. Ya aiko da saƙon murya, rabinsa dariya, ya ce rufaffe ne, kuma su ma da damina irinsa suke sawa.

Sai na rasa mafaka. Ni dai yadda na daɗe ina hango abin shi ne ina tsaye a ƙololuwa, iska na kaɗa rigata, gajimare a ƙarƙashina, Afra'u na ɗaukar hoto. A cikin wannan mafarkin babu inda na ga kaina da ƙafa ɗaya ta mai hawan Alps, ɗaya ta mai dashen shinkafa.

Game da jana'iza, ga abin da aka tsayar a zaman. Kawuna Malam Kamilu ya gargaɗe ni kada in kuskura in ɗora wa takalmi addu'ar mutane, don haka babu salla, babu sadakar uku. Ba za a binne shi gaba ɗaya ba, don roba ba ta ruɓewa. Ba za a ƙona shi ba, don marigayin bai ɓata iska yana raye ba. Tafinsa za a kai wa shumeka ya yi wa wasu takalman faci. Ƙarafan za a ba 'yan gwangwan. 'Yar fatar da ɓeraye suka rage ita za a rufe a gindin zogalen Iya da ke Gafasa, ranar Asabar da hantsi. Mai zuwa ya zo da gorarsa, ba za a raba ruwan leda ba. Ana roƙon jama'a kada kowa ya ambaci man shanu a gaban Iya.

Da aka gama tsara wannan sai duk suka zuba mini ido. Na jawo Dama na ɗaure shi a ƙafar dama. Na zura koren a hagu, ya haɗiye ni har gwiwa. Na miƙe na taka zuwa bakin ƙofa na dawo, ɗaya na cewa "gab", ɗaya na cewa "fyat". Kamalu ya kifa kai a gwiwa. Afra'u ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa.

Na bari suka gama, sannan na ce, "Kamalu, a bar mini kujerata a mota, da su zan hau. Ke kuma Afra'u, idan mun kai sama, ki ɗauko hoton tun daga ƙafa."