Rautar gidanmu da numfashin mahaifiyata

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe aka ba mahaifiyata, Doña Eduviges, mai shekara tamanin da ɗaya, damar ta tabbatar wa gwamnati cewa tana raye. A da da ƙafarta take zuwa, ma'aikaci ya dube ta ya buga hatimi. Bana Hukumar Tabbatar da Numfashin Tsofaffi ta waye, sai ta bidiyo. Tsohuwa za ta kalli waya, ta ƙifta ido sau biyu, ta juya kai. Minti goma sha biyar ake bayarwa. Wanda bai bayyana ba a rubuta ya rasu, a tsayar da fanshonsa.

Ƙarfe tara da rabi rautar gidanmu, akwatin nan mai ƙaho biyu da ke raba intanet, ta fara halinta. Ta kawo minti ɗaya, ta ɗauke biyu. Na zare ta daga wuta, na jira, na mayar. Na kira kamfani, wata murya mai zaƙi ta ce kirana yana da muhimmanci ƙwarai, kuma ni ne na arba'in da bakwai a layi.

Wajen zarewar na ji akwatin da zafi kamar burodin da aka fitar yanzu. Mama ba ta barin na'ura tsirara. Talabijin na da rigar saƙa, injin markaɗe na da tasa. Rautar ma ta saƙa mata mai ruwan hoda, ta ɗora ta a kantar waliyyai kusa da kyandir.

Na ce, "Mama, rigar sanyi a garin da kwalta ke narkewa?"

Ta ce, "To haka zan bar ta gaban waliyyai, ba kunya? Kai ma da na bar ka haka da ba ka yi aure ba."

Na tuɓe rigar, na kashe kyandir. Sabis ya ci gaba da ɗaukewa. Matata Yudelka ta buɗe shafin da ke nuna na'urorin da ke kan rautar, ta miƙo mini wayar. Talatin da huɗu. Mu biyar ne a gidan, kuma ɗaya daga cikinmu ba ta san inda ake kunna waya ba.

Ba sata aka yi mini ba. A nan wanda ya riƙe maka ɗa ranar baftisma ya zama kompadrenka, ba a hana shi gishiri, ba a hana shi tsani, balle lambar sirrin intanet. Na ba kompadre Nicanor. Shi ma yana da nasa kompadren, Fermín mai kantin kan kwanar titinmu, wanda ya rubuta lambar a kwali ya manna saman teburin wasan domino. 'Yan acaɓan da ke fakewa ƙarƙashin tagata kullum, ni a zatona inuwa suke so.

Kada a ga laifinsu. Magajin garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa ƙarfin yanka ƙyalle, ya ƙaddamar da intanet kyauta a dandalin unguwarmu har sau uku, kowane karo da 'yan badujala. Turken na nan, allon na nan da hotonsa yana murmushi, har da ƙwan fitila shuɗi. Waya ce kawai ba a ja ba, kuma bai kamata a tsananta wa mutum a kan abu ɗaya ba. Aikin da ya yi alkawari, akwatina mai rigar saƙa ne ke yinsa shekara biyu, ba albashi, ba badujala.

Goma saura minti takwas na canza lambar. Kiɗan kantin Fermín ya mutu nan take. Rabon da titinmu ya yi shiru haka tun guguwar bara. Kafin na ajiye wayar Nicanor na bakin ƙofa da silifa ɗaya.

"Kompadre, rasuwa aka yi a gidan?"

"Ita muke ƙoƙarin hanawa."

"Ni za ka rufe wa ƙofa? Ni da na riƙe 'yarka Marisol a coci tana tsala ihu, ta jiƙa mini kwat ɗin aro?"

"Minti goma sha biyar, kompadre."

"Haka ake farawa. Gobe kuma ka ce na riƙa sallama kafin na buɗe firjinka."

Ya tafi bai karɓi kofi ba, wanda a wajenmu ya fi zagi.

Ƙarfe goma daidai fitilun rautar huɗu suka tsaya kore shar. Mama ta zauna da rigar zuwa coci da jan baki. Wata ma'aikaciya ta bayyana ta ce, "Doña, ƙifta ido." Mama ta ƙifta sau biyu, ta ƙara na uku kyauta. Ma'aikaciyar ba ta motsa ba. Bakinta a buɗe ya daskare a allon wayar, ya zauna haka har minti goma sha biyar suka cika.

Na samu wani a ofishin ta waya bayan azahar. Ya ce, "Maigida, yi haƙuri, daga wajenmu ne. Mu ɗari biyu ne a kan akwati ɗaya, kuma yau kowa na kallon ɗaurin auren 'yar oga a waya."

"To me aka rubuta wa mahaifiyata?"

"Ba a ce ta rasu ba. Ba a kuma ce tana raye ba. Ana kan bincike. Ku dawo nan da mako biyar."

Na faɗa wa Mama. Ta cire takalmi, ta koma kujerarta mai lilo, ta ce, "Anselmo, ni ba na gardama da gwamnati. Wanda ake kan bincikensa ba ya ɗora tukunya." Kwana uku ke nan muna cin burodi da ayaba.

In masu girma na son gajarta binciken, ga shawara kyauta. A turo jami'i ɗaya ya dubi idonta, ya ce waken da take dafawa gishiri ba ya ji. Zai koma ofis da cikakkiyar shaida, wataƙila a kunnensa na hagu.