Albasar Inna Hajo da Direban Karraka

Har gobe ba zan taɓa mantawa da shekarar da na gama karatun lauya a Wad Madani na koma ƙauyenmu kusa da Suki ba. Tafiya nake kamar ni na ƙirƙiro doka.

A satin da na dawo ne karraka, motar gwamnati mai yashe tur'a, wato magudanar da muke ban ruwa da ita, ta juye taɓo a kan albasar Inna Hajo, yayar mahaifiyata. Rabin gonar ya tafi. Inna ta ce a bar wa Allah. Ni kuwa na ce sam, in ma'aikaci ya yi ɓarna a bakin aiki, hukumar da ta tura shi ke da alhaki. Na rubuta takarda shafi uku da Larabci mai nauyi. Direban kuma (ko sunansa ban tambaya ba) na kira shi makaho, na ce ko jaki bai kamata a ba shi ya kora ba.

Muka je ofishin ban ruwa. Mufattish, shugaban wurin, ya sa aka kira direban, ya ce in karanta a gabansa. Ban ko ɗaga kai ba na shiga zubawa, har da ɗan dakatawa a wurin jakin don ya shiga da kyau. Inna tana ta taka mini ƙafa (na ɗauka yaba mini take).

Da na gama na waiwaya. Baba Usman ne, mahaifin saurayin da aka sa mana rana.

Abin da ya iya fita daga bakina shi ne, "Baba, ina kwana?" Ana kiran azahar a lokacin.

Sai ya ce, "Ɗiyata, sake karanto mini wurin da kika ce gwamnati ke da alhaki."

Ashe tun ranar da abin ya faru hankalinsa a tashe yake, yana zaton shi kaɗai zai ɗauki asarar, har ya fara neman mai sayen saniyarsa. Mufattish ya amsa cewa ofis ne ya nuna masa inda zai zuba taɓon. Aka kwashe taɓon daga gonar, aka ba Inna diyya da sabon iri. Saniya ta tsira, aurena ma haka.

Yanzu aikin lauya nake a Damazin, kuma takarduna gajeru ne. Abin da aka yi kawai nake rubutawa, ba na siffanta wanda ya yi, don a garuruwanmu duk wanda ka zaga surukin wani ne, wata rana ma naka.