Ranar da Tumbina Ya Maƙale a Ƙofar Tallafi

Jama'a, ku taya ni murna ko jaje, duk wanda ya fi muku sauƙi. Jiya da hantsi na shafe awa biyu a maƙale cikin wata ƙofa, kaina da kafaɗuna suna ciki, sauran jikina yana waje, ina zuba gumi gaban mutane fiye da ɗari biyu. Da aka samu aka zaro ni, sai aka sanar da ni a hukumance cewa ni mai kuɗi ne. Shekara goma sha tara ina zaune a rumfar buga takardu a gefen titi, ban taɓa sanin haka ba.

Bari in faro muku daga tushe. Mai ɗakina tana fama da ciwon suga. Watan jiya likita ya dube ta, ya dube ni, ya rubuto mana takarda mai tsawo: ganye, kifi, ƙwai, kayan lambu, a rage taliya, a rage farin burodi, a bar lemon kwalba. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na kai takardar kasuwa. Mai kayan lambu ya faɗa mini kuɗin kabeji ɗaya da karas 'yan ƙwarori, na tambaye shi ko har da teburin yake sayarwa. Tun daga ranar takardar likita take liƙe a bangon ɗakinmu, muna cin taliya muna kallonta. Ita kuwa baiwar Allah ƙafafunta sun fara kumbura, tana ɓoye mini, ina ɓoye mata cewa na gani. Abin yana ci mini rai, ba wasa nake ba.

Ana haka sai ga albishir. Wai an kafa Kwamitin Tantance Masu Ƙaramin Ƙarfi, zai raba kati, wanda duk ya samu zai riƙa sayen ganye da kifi a rabin farashi har shekara guda. Na ce alhamdu lillahi, ashe manyanmu ba barci suke ba, idonsu ne kawai a rufe saboda zurfin tunani.

Matsala ɗaya ce ta taso wa kwamitin: ta yaya za a gane talaka? Da can an ce za a bi gida gida, amma motocin bin gida gida sun tafi kai 'ya'yan 'yan kwamiti makaranta. Aka ce to a sayo sikeli a auna nauyin mutane, kwangilar sikelin ta fita, sikelin bai shigo ba. A ƙarshe wani mai kaifin basira ya kawo shawarar da ta fi kowace araha. A yi ƙofa siririya a bakin ofis. Wanda ya wuce ta ciki, yunwa ta tabbata a kansa, a ba shi kati. Wanda ya kasa, ya ƙoshi, ya koma gida ya gode wa Allah.

Maƙwabcina kafinta shi aka ba aikin ƙofar. Shekaranjiya da yamma na same shi a bakin shagonsa yana goge katako, na ce, "Maƙwabci, tsakaninka da Allah, faɗin ƙofar nan da me aka auna shi?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Da ƙugun Yallaɓai Shugaban Kwamiti. Shi ya tsaya da kansa na sa tef. Sannan ya ce in ƙara yatsa uku saboda jinƙai."

Na shafa cikina. Shi ma ya dubi cikin nawa, irin duban da likita yake wa hoton ƙirji.

"Kar ka karya kumallo," in ji shi. "Ka shiga da gefe, ka fitar da numfashi duka, ka tuna abin baƙin ciki. In Allah ya so sai ka ga ka zame."

Washegari na isa da wuri, cikina babu komai sai ruwa. Layi ya miƙe har bayan gidan mai. Duk 'yan unguwarmu ne: gwaggo mai wanki, mai facin taya, matar mai gadi, direbobi, tela, kowa da nasa kaya a gaba ko a baya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ga kowa yana satar kallon cikin ɗan'uwansa yana lissafin makomarsa. Ban ce babu talakan da ya wuce ba. Wasu tsofaffi biyu da yunwa ta riga ta gama da su sun shige, ko katakon ba su taɓa ba. Amma bayansu sai ga wani ɗan kwangila ya fito daga mota mai baƙin gilashi, cikin kayan motsa jiki, ya zo da gudu-gudu, ya wuce sumul, ya karɓi katinsa, ya koma mota yana duba agogon da ke ƙirga masa taku. Sai ga wata hajiya mai gwal har gwiwar hannu, wadda aka ce wata shida ke nan ba ta ci shinkafa ba, kuma biya take ana hana ta ci. Ita da jakarta suka wuce a jere.

Da layi ya zo kaina na yi bisimilla, na juya gefe, na fitar da numfashi, na tuna kuɗin kabeji. Kai ya wuce. Kafaɗa ta wuce. Ƙirji ya ɗan yi gardama, ya wuce. Sai tumbi ya iso, ya ce shi nan ya sauka. Na yunƙura gaba, babu. Na yunƙura baya, babu. Gaba kura baya sayaki.

"Ku tura shi!" in ji gwaggo mai wanki daga baya. "Wallahi matarsa ba ta da lafiya, ku tura shi ya faɗa ciki!"

Allah ya saka wa 'yan unguwarmu da alheri. Mutum shida suka sa kafaɗa a bayana, mai faci yana ba da umarni kamar ana tura motar da batirinta ya mutu. Amma sakataren kwamiti, wani mai tabarau a bakin hanci, ya taso da sauri ya ɗora mini fayil a goshi yana tura ni baya, yana cewa doka ta haramta taimakon waje. Suna turawa yana turawa, ni kuwa a tsakiya ina jin haƙarƙarina suna gaisawa da juna. Aka kira kafinta ya cire katakon, ya ce shi kam ba zai taɓa kayan hukuma ba sai da takarda, takardar kuma sai Shugaba ya sa hannu.

Can sai ga Mai Girma, Garkuwan Marasa Ƙugu, Yallaɓai Shugaba, ya shigo ta ƙofar baya. Ashe akwai ƙofar baya, mai faɗin da mota za ta iya shiga, ta ma'aikata ce. Mutum ne siriri fes, fatarsa tana sheƙi, yana riƙe da gorar ruwa da yankakken kokwamba a ciki. Ya tsaya gaban fuskata, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Malam, ba ka ji kunya ba? Da wannan jikin ka zo cin haƙƙin talakawa?"

"Ranka ya daɗe," na ce, da ɗan numfashin da ya rage mini, "wannan ba jikin daɗi ba ne. Talauci ne ya taru wuri guda."

"Talauci ba ya kumbura mutum. Mun yi taro a kan wannan, kwana uku a otal."

"Ranka ya daɗe, kai ina kake cefane?"

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce shi ba ya cefane, direba ne yake kai madam babban kanti ranar Asabar, a ciko bayan mota da ganye da kifi da 'ya'yan itace, a zuba a firji.

Na ce to ni kantina shagon bakin layi ne, kuma kullum nake zuwa, don abin da na samu yau shi ake ci yau. Mai shagon ba ya ajiye ganye, yana cewa kafin a saya ya yanƙwane. Taliya yake ajiyewa, da burodi, da sukari, da man suya, da lemon kwalba, abubuwan da ko shekara suka yi ba sa fushi. Babban kantin da Yallaɓai yake magana mota biyu ake hawa kafin a kai, kuma ko na kai na sayo, ina zan ajiye? Firjinmu tun da wuta ta daina zuwa muka mayar da shi ma'ajiyar takalma. Yara biyar in ka ba su salak, kafin ka wanke hannu sun dawo suna kallonka. In ka ba su taliya da mai, sai su yi shiru har gobe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya kurɓi ruwan kokwambarsa. "Ka riƙa motsa jiki. Ni kullum sai na yi awa guda a kan injin gudu."

"Ranka ya daɗe, ga shi ina motsawa tun ɗazu, ƙofar ce ba ta motsi."

Kwamiti ya shiga ganawa a kaina, ina nan a maƙale ina jin komai. Wani ya ce tunda rabina yana ciki a ba ni rabin kati. Wani ya ce babu rabin kati a tsarin. Daga ƙarshe sakatare ya gyara tabarau ya karanto hukunci: kai da ƙirjin mai neman tallafi sun shigo, saboda haka an amince talakawa ne. Amma abincin tumbi ne zai ci, tumbin kuma yana waje, saboda haka bai cancanta ba. Aka tafa. Ni kaina sai da na jinjina, don hujja ce da ba a samun irinta sai wurin masu ilimi.

Gwaggo mai wanki ce ta cece ni. Ta aika aka kawo bokitin ruwan sabulu, ta kwarara mini daga wuya, mutum shidan nan suka kama ƙafafuna suka ja. Na fito da ƙara, na zube a kan mai faci. Bayan abin da jama'a suka gani, rabin layin ya watse ba tare da gwadawa ba.

Amma kar ku ce manyanmu ba su da zuciya. Duk wanda ya kasa wucewa an ba shi kyautar rarrashi, don kar ya koma hannu rabbana: katan ɗin taliya, ƙullin sukari, da lemon kwalba guda shida. Har hoto aka ɗauke mu, ina jiƙe da kumfa, Yallaɓai yana miƙo mini katan ɗin yana murmushi.

Na iso gida ɗauke da shi a ka. Mai ɗakina tana zaune a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafunta a kan ƙaramar kujera. Ta dubi rigata, ta dubi katan ɗin, ta dubi hannuna ko da kati.

"Baban yara, ba a dace ba ko?"

"An ce mun yi arziki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta share ido da bakin zane. "To Allah ya sa albarka. Sauke, in ɗora ruwa, yara sun kusa dawowa." Na tsaya ina kallonta tana ɗingisawa zuwa murhu da ƙullin taliya a hannu, abin da likita ya ce shi ke kashe ta a hankali. Ban taɓa jin na tsani abinci kamar ranar ba, kuma na ci faranti biyu, don tun safe ban sa komai a bakina ba.

Da safen nan kafinta ya leƙo rumfata da fara'a, wai ya sake samun aiki. An umarce shi ya rage faɗin ƙofar da yatsa biyu kafin baɗi, saboda ana so rahoto ya nuna talauci ya ragu. Na taya shi murna. A yadda ake tafiya, shekara biyu masu zuwa ko Yallaɓai da kansa ba zai wuce ba, kun ga ke nan an gama da talauci gaba ɗaya.